Kogin da Aka Tare: Darasin Ƙabilar Pima a Kan Abinci, Motsa Jiki da Ƙiba

Akwai wata tambaya da ɗalibai kan yi wa malaman ilmin halittu duk lokacin da darasi ya biyo ta kan abinci da lafiya: shin ƙiba gado ce, ko kuwa ci ne yake kawo ta? Tambayar tana da wuyar amsawa a ɗakin gwaje-gwaje, domin ba shi yiwuwa a raba jama'a gida biyu, a tsare su shekara ɗari ana ciyar da kowane kashi abinci dabam. Amma tarihi ya yi wa masana wannan aiki a kan wata ƙabila ta 'yan asalin nahiyar Amurka mai suna Pima. Wani ɓangare nata yana zaune a jihar Arizona ta ƙasar Amurka, ɗayan kuma yana cikin duwatsun arewacin ƙasar Meziko. Tushensu ɗaya ne, amma lafiyarsu ta sha bamban ƙwarai, kuma dalilin wannan bambanci abin lura ne ga duk mai ci da sha.

Mutanen Kogi

Pima na Arizona suna kiran kansu Akimel O'odham, wato mutanen kogi. Ƙasarsu hamada ce, amma kogin Gila ya ratsa ta, su kuwa gwanaye ne wajen haƙa magudanan ruwa zuwa gonaki. Da wannan noman rani suke samun masara da wake da kabewa da auduga, daga baya kuma har da alkama. A tsakiyar ƙarni na 19 sukan noma abin da ya ishe su, har su sayar wa matafiya da sojoji da rarar.

Daga wajen shekarun 1870 sai Turawa 'yan kama-wuri-zauna da suka sauka a saman kogin suka shiga karkatar da ruwan zuwa nasu gonakin. Kafin ƙarnin ya ƙare kogi ya ƙafe a ƙasar Pima, gonaki suka mutu, yunwa ta shigo. Manoman da suka saba ciyar da baƙi suka koma dogara da abincin agaji na gwamnati da na kanti: farar fulawa, da sukari, da kitse, da abincin gwangwani. Ta haka abubuwa biyu suka sauya a lokaci guda, wato abin da ke shiga ciki da kuma aikin da jiki ke yi.

Sakamakon bai bayyana nan take ba. A shekarar 1937, lokacin da Elliott Joslin, wani shahararren likitan ciwon sukari, ya ziyarci yankin, mutum 21 kawai ya samu labarin suna da ciwon a cikin ƙabilar. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da motoci da abincin kanti suka yawaita, ƙiba ta bazu. A 1963 wasu masu bincike na gwamnatin Amurka suka je nazarin ciwon gaɓoɓi, sai suka tarar da ciwon sukari ya yi katutu. A 1965 aka fara bin lafiyar mutanen ana auna su a kai a kai, aikin da ya ɗauki shekaru kusan 40. Binciken ya nuna cewa kimanin rabin waɗanda suka haura shekara 35 suna da ciwon sukari, adadin da ke cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. Da yawa ciwon ya kai su ga lalacewar ƙoda, ko makanta, ko yanke ƙafa.

'Yan'uwan da ke Kan Dutse

Da farko masana da yawa sun ɗora laifin a kan gado. Tun a 1962 wani masanin ilmin gado, James Neel, ya kawo ra'ayin cewa al'ummar da ta daɗe tana fama da yunwa takan gaji jiki mai tattalin kitse, wanda kan zama matsala idan abinci ya wadata. Har yau ana muhawara a kan wannan ra'ayi. Abin da ya haska al'amarin shi ne labarin wasu Pima da ke zaune a yankin Maycoba na jihar Sonora a Meziko, waɗanda aka ƙiyasta sun rabu da na Arizona shekaru 700 zuwa 1,000 da suka wuce. Hanyar mota mai kyau ba ta kai gare su ba sai farkon shekarun 1990.

Masu bincike sun auna su a 1995, aka buga cikakken sakamakon a 2006. Gwajin jini ya tabbatar da kusancin jama'ar biyu ta wajen gado. Duk da haka, kashi 6.9 cikin ɗari ne na manyan Pima na Meziko suke da ciwon sukari, alhali na Arizona kashi 38 ne. Mutanen Maycoba suna cin waken da suka noma da wainar masara da dankali, abinci mai yawan dusa da ƙarancin mai. Suna huɗa, suna saran itace, suna kiwo, suna ɗebo ruwa, suna tafiya da ƙafa. Maƙwabtansu da ba Pima ba kuwa, masu irin wannan rayuwa, kashi 2.6 ne suke da ciwon.

Waɗannan alƙaluma uku sun amsa tambayar ɗalibai. Gado yana da tasa rawar, amma tazarar da ke tsakanin 6.9 da 38 ba gado ne ya kawo ta ba, abinci ne da yanayin aiki. Ƙarin hujja ta zo a 2010, da aka sake auna mutanen Maycoba bayan hanya da wutar lantarki da kantuna sun shiga yankin, aka tarar ƙiba ta ƙaru a cikinsu su ma.

Yadda Jiki Yake Lissafi

Domin a gane abin da ya faru, sai a dubi yadda jiki yake sarrafa abinci. Ana auna ƙarfin da abinci ke bayarwa da ma'aunin da ake kira kalori. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, haka ma giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake. Giram ɗaya na mai ko kitse kuwa kalori 9 yake bayarwa. Jiki yana kashe kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ƙarfin da yake amfani da shi a kan ayyukan da ba a gani, kamar numfashi da bugun zuciya da aikin ƙwaƙwalwa da hanta. Sauran yana tafiya a narkar da abinci da motsi. Abin da ya yi saura ba ya ɓacewa. Jiki yakan mai da shi kitse ya ajiye.

Idan aka ci tuwo ko burodi, hanji yakan narkar da sitacin ya zama sukarin da ake kira gulukos, ya shiga jini. Daga nan wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai ta saki sinadarin insulin, wanda yake kamar mabuɗin da ke buɗe wa gulukos ƙofar shiga tsoka. Idan kitse ya taru, musamman a ciki da kewayen hanta, sai tsoka da hanta su rage jin kiran insulin. Fankiriyas ta yi ta ƙara yawan abin da take fitarwa har ta gaji, sukari ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ya addabi Pima.

A nan ne bambancin wake da farar fulawa yake fitowa. Hatsin da ba a cire masa dusa ba, da wake da ganye, suna narkewa sannu a hankali, suna kuma riƙe ciki. Farar fulawa da sukari kuwa nan da nan suke shiga jini, ba a jima ba yunwa ta dawo. Kwalbar lemo mai santilita 35 takan ƙunshi sukari wajen giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum.

Aikin Abinci da Aikin Motsi

Mutum yakan shanye wannan kwalba cikin minti biyu, amma sai ya yi tafiyar sauri ta rabin awa ko fiye kafin ya ƙone abin da ke cikinta. Saboda haka, ta wajen rage nauyi, gyaran abinci ya fi motsa jiki tasiri. Amfanin motsa jiki ya fi bayyana ta wata fuskar. Tsokar da ke aiki tana jan gulukos daga jini ko da insulin kaɗan ne, kuma takan ci gaba da jin kiran insulin sosai har kwana ɗaya ko biyu bayan aikin. Motsi yana kuma rage hawan jini, yana ƙarfafa zuciya da ƙashi, ko da sikeli bai nuna wani sauyi ba.

An gwada haɗa biyun a wani babban bincike a Amurka wanda aka buga a 2002. Mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari ne suka shiga, ciki har da 'yan asalin ƙasar daga yankin Arizona. An nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu ta hanyar gyara abinci, su kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara uku, kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a wannan rukuni, alhali waɗanda aka ba maganin metformin kashi 31 ta ragu. Ga mai nauyin kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo shida da 'yan kai ba.

Abin Lura ga Makarantu

Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abincin gargajiya na ƙasar Hausa, irin su gero da dawa da wake da zogale da kuka, ya yi kama da na mutanen Maycoba, sauyin da ake gani a birane kuwa, na lemon kwalba da taliyar leda da hawa babur zuwa ko'ina, ya yi kama da hanyar da Arizona ta bi. Daɗin daɗawa, har yanzu wasu suna ɗaukar tumbi alamar wadata, wasu 'yan mata kuma suna shan ƙwayoyin sa ƙiba ba da izinin likita ba, alhali irin su dexamethasone suna tayar da sukarin jini.

Malami yana iya koya wa ɗalibai wani lissafi mai sauƙi: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa. Mai kilo 75 da tsawon mita 1.7 zai sami kusan 26. Ga manya, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce mai haɗari. Yara masu tasowa suna da nasu jadawalin dabam, kuma bai kamata ɗalibi ya horar da kansa da yunwa ba, domin ƙarancin abinci ma cuta ne ga jiki mai girma. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema ga 'yan shekara 5 zuwa 17 shi ne motsa jiki na minti 60 a kowace rana, wanda ƙwallo da gudu da tafiya makaranta da ƙafa da aikin gona duk suna cikinsa. Makarantar da ta mai da filin wasanta wurin gine-gine, ko ta cika ƙofarta da masu sayar da kayan zaƙi, ta tare wa ɗalibanta nasu kogin.

Su kuwa Pima na Arizona, sun shafe shekaru masu yawa suna neman haƙƙinsu a kotu da majalisa. A 2004 gwamnatin Amurka ta zartar da dokar da ta mayar musu da kaso mai yawa na ruwa, suka shiga gina sababbin magudanai da farfaɗo da noman wake da masara irin na kakanninsu. Ruwan da aka karkatar cikin 'yan shekaru ya ɗauki fiye da ƙarni guda kafin ya dawo, ciwon da ya biyo bayan tafiyarsa kuwa har yanzu ana yaƙi da shi.