Yaro Mai Otizim Da Ranar Da Zai Tsaya Da Ƙafarsa

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wani irin yaro da lalle za mu tarar a ajinmu wata rana. Ba ya son haɗa ido da mutane, magana takan yi masa wuya, kuma idan aka sāke masa abin da ya saba yi kullum sai hankalinsa ya tashi. Likitoci suna kiran wannan hali otizim. Ba hauka ba ne, ba kuwa aikin iska ba ne. Haka ƙwaƙwalwarsa ta ginu tun yana ƙarami. Tambayar da ke damun iyayensa ita ce, ran da ba su, wa zai riƙe shi? Ina so in ba ku labarin mutum guda, domin a ganina akwai amsa a ciki.

Sunansa Donald Triplett. An haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest, cikin jihar Misisipi ta Amurka. A 1938 iyayensa suka kai shi wurin likita Leo Kanner a Baltimore. Da Kanner ya rubuta bayanin yara 11 masu wannan hali a 1943, Donald ne na fari cikinsu.

Sa'ad da ya kai wajen shekara tara, aka kai shi zama wurin wani manomi da matarsa, ba nisa da gida. Mutanen nan ba su da ilmin likita, amma suna da lura. Sun ga yaron yana son awo, sai suka sa shi haƙa rijiya yana faɗa musu zurfinta. Sun ga ba ya gajiya da ƙidayar kunyoyin masara, sai suka ba shi garma da doki, suka ce ya riƙa ƙidaya yana huɗa. Watau ba su yi yaƙi da abin da yake so ba, sun mai da shi aiki ne.

Daga baya ya koma gida, ya gama makaranta, har ya sami digiri cikin Faransanci a kwalejin Millsaps a 1958. Ya kama aiki a bankin garinsu, ya koyi tuƙin mota, ya yi tafiye-tafiye ƙasashen waje shi kaɗai. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Da Kanner ya sake bin sawun yaran nan a 1971, ya tarar waɗanda aka tsare a asibitocin gwamnati sun koma baya ƙwarai.

To, me za mu koya? Na ɗaya, a fara shiri da wuri. A Amurka doka ta 2004 ta ce tilas makaranta ta tsara wa irin wannan yaro shirin fita duniya ya zuwa shekara 16. Mu ma kada mu jira sai ya bar makaranta.

Na biyu, a rarraba kowane aiki ƙanana-ƙanana. Wanka, wanki, dafa abinci, cefane, karɓar canji, shiga mota zuwa wurin aiki, duka sai an koya masa ɗaya bayan ɗaya, a ainihin wurin da zai yi su. Zane ko jerin hotuna yakan fi masa dogon bayani amfani.

Na uku, a shirya mutanen gari su ma. Idan an kai shi koyon ɗinki ko kafinta, a gaya wa maigidan ya yi masa magana a fili ba habaici, ya kuma sanar da shi tun kafin a sāke tsarin aiki.

Gaskiya ne iyayen Donald masu hali ne, bankin kuwa danginsu na da hannu a ciki. Gaskiya ne kuma waɗansu yaran za su bukaci mai kula da su muddin ransu. Amma lurar manomin nan ba da kuɗi aka saye ta ba. A Nijeriya ma, dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta hana nuna wa masu nakasa bambanci. Doka takan buɗe ƙofa, amma malami ne zai koya wa yaro shiga. Kowane ɗayanmu ya duba ajinsa, ya tambayi kansa: yaron nan me yake so, ta yaya kuma zai zama sana'arsa?