Dogara ga Allah a Lokacin Rashi: Kiristocin Kudancin Kogin Kaduna

A koyarwar Kirista, dogara ga Allah ita ce mutum ya tabbata a ransa cewa Ubangiji bai manta da shi ba, ko da tukunya ta kwana ba a ɗora ta ba. Koyarwar tana da nauyi na musamman a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri, Television, Sabon Tasha, Narayi da Unguwar Romi, inda Kiristoci suka ƙara taruwa bayan rikice-rikicen addini na 2000 da 2002, da suka raba mutane da gidajensu da sana'o'insu.

Kakuri a da cibiyar masaƙu ce. An buɗe masaƙar KTL a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, dubban iyalai kuma suna ci daga albashinsu. Ƙarancin lantarki, tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfa suka durƙusar da su. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna jiran haƙƙinsu na sallama, wasu har suka rasu ba su gan shi ba. Magidancin da ya saba da albashin wata sai ya koma acaɓa ko gadi. A 2023 kuma ƙarancin takardun naira da cire tallafin man fetur suka ƙara wa Borno dawaki.

A majami'u da yawa na yankin, 'yan ƙabilun Bajju, Atyap, Ham, Adara da Gbagyi suna haɗuwa ne a sujadar Hausa, harshen da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki cikinsa a 1932. Labarai biyu sun fi taɓa zuciyar mai rashi. Ɗaya shi ne na manna a jeji: an umarci Isra'ilawa su tattara abincin yini ɗaya kawai, wanda ya ɓoye na gobe sai ya tarar ya yi tsutsa, in ban da jajibirin Asabar. Mai aikin ƙwadago, wanda sai ya fita da safe ake sanin ko za a ci tuwo da dare, ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Ɗayan shi ne na gwauruwar Zarefat, wadda ɗan gari da ɗan mai suka rage mata a lokacin fari, amma ta fara toya wa annabi Iliya, garin kuwa bai ƙare ba har aka yi ruwa.

Labarin gwauruwar ne ƙungiyar Zumuntar Mata take rayawa a aikace, a ikilisiyoyin ECWA, HEKAN, Baftis da sauransu. Idan aka yi rasuwa ko miji ya rasa aiki, wannan ta kawo mudun masara, waccan sabulu, wata 'yan ƙwayoyin Maggi ƙulle a bakin zani. Shugabar mata ta haɗa su cikin buhu, a tafi gidan cikin anko, a yi waƙa da addu'a, a ajiye buhun a bayan ƙofa don kada a kunyata mai gida. Galibin masu bayarwar su ma ba su da na gobe, abin da ya sa kyautar take da daraja ke nan. Ga kuma adashe don a sami jarin sana'a, domin manzo Bulus ya tsawata wa masu zaman kashe wando a Tasalonika.

Akwai wata koyarwar da ke gogayya da wannan, wadda ke cewa wanda ya "shuka iri" na kuɗi zai girbe ninki, talauci kuwa alamar ƙarancin bangaskiya ne. Wannan ɗora wa mai rauni kaya biyu ne, yunwa da zargin kai. Abokan Ayuba sun yi masa irin wannan lissafi, Allah kuma ya ce ba su faɗi daidai ba.

Gwaji mafi tsanani ya zo ranar 5 ga Yuli, 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar sakandaren Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun. Iyaye suka riƙa taruwa a harabar makarantar suna kuka da addu'a, ikilisiyoyi suna azumi, ana kuma harhaɗa kuɗin fansa. An sako yaran kashi-kashi, na ƙarshensu bai dawo gida ba sai bayan fiye da shekara biyu.