Dalilin da ya sa ɗaliban jinya ke koyon aiki a gefen gadon majinyaci

A Najeriya, karatun aji kaɗai ba ya ba ɗalibin jinya lasisin aiki. Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta wajabta masa samun horo a asibiti, ko a kwalejin jinya yake ko yana karatun digiri na shekara 5 a jami'a.

Horon kan fara ne a ɗakin gwaji na makaranta, inda ɗalibai ke koyon yin allura, auna hawan jini da wanke rauni a jikin mutum-mutumi. Daga nan sai a tura su ɗakunan kwantar da marasa lafiya da na waɗanda aka yi wa tiyata, ƙarƙashin kulawar ƙwararrun ma'aikata.

A can ne ɗalibi ke gane amfanin alƙaluman da ya haddace. Zuciyar baligi mai lafiya kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Idan bayan tiyata bugun ya yi ta ƙaruwa, awon jini kuma yana sauka, mai yiwuwa jini ne ke zuba a ciki, kuma jinkirin sanar da likita na iya jawo asarar rai.

Haka nan ana koya masa juya majinyacin da ba ya iya motsi duk bayan awa 2, domin kada gyambon kwanciya ya kama shi.

Shi ya sa jarrabawar ƙarshe ta hukumar ke haɗawa da gwajin aiki a aikace.