Kafin Ka Hau Bayan Ɗan Acaba a Tsaunin Mambila

A 'yan shekarun nan samarinmu, har da 'yan mata, sun tsiro da wata ɗabi'a: a haɗa kuɗi, a cusa kaya a jakar goyo, a kama hanyar Mambila. Hotunan Facebook da TikTok ne suka jawo. Ga tuddai kore shar sun jeru kamar an kife ƙore, ga gonar shayi ta Kakara, ga gajimare yana ratsawa tsakanin shanu. Ni ban ga laifin tafiyar ba, ƙasarmu ce, kuma gani ya kori ji. Damuwata ita ce mai hoton ba ya nuna maka hanyar da ya bi kafin ya isa inda ya tsaya yana murmushi.

Mambila tana ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, hedikwatarta Gembu, kuma tudun ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. Daga Jalingo za ka bi ta Bali da Serti har Mayo Selbe, inda hawan yake farawa, kwana bayan kwana. Mota za ta kai ka Nguroje da Gembu. Amma yawancin wuraren da ake yin tattakin dominsu, irin su kurmin Ngel Nyaki, da ƙauyukan bakin iyaka, da gindin Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya da mita 2,419, suna can inda kwalta ta ƙare. Daga nan sai babur. Ɗan acaban da ka ɗauka shi ne direbanka, shi ne jagoranka, sau da yawa kuma shi ne tafintanka, don a ƙauyukan can Fulatanci ya fi Hausa tafiya. Kai da ba ka san wurin ba, ka damƙa masa ranka ne na tsawon yini guda, ko da ba ka faɗa da baki ba.

To, ta yaya mutanenmu suke zaɓensa? Da ciniki. Ana sauka a tasha, yara su yanyame baƙo, shi kuma ya tsaya yana neman wanda zai rage masa ɗari biyar. Araha ba ta ado. Wanda ya karya farashi sai ya fanshe a wani wuri, kuma wurin da ake fanshewa shi ne mai. Idan aka zo gangare sai ya kashe inji ya saki firi, babur ya riƙa zurarawa da nauyin mutum biyu da jaka, birki kaɗai ke riƙe da shi. A Kano ko Zariya wannan ba komai ba ne, don gangaren bai wuce tsawon layi guda ba. A Mambila kuwa gangare ɗaya sai ya ci kilomita da dama. Birkin da aka daɗe ana dannawa zafi yake ɗauka, idan ya yi zafi kuma kamunsa ya ragu, sai a zo kwana a taka a ji wayam. Gwani yana sauka ne da ƙaramar giya, inji a kunne yana taya birki riƙo. Saboda haka kafin ka hau, ku yi magana a fili: kuɗin mai daban, kuɗin aikinsa daban, a cika tanki a gabanka, kuma babu firi.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin na koyi wannan karatu. Wani magidanci ne ya goya ni daga Nguroje, mai wata tsohuwar Boxer da ya ɗaure wa famfo da kayan faci a baya. An yi ruwa da dare. Da muka zo wani gangare mai jar laka sai ya tsaya cak, ya ce, "Malam, sauka ka taka." Na fara ƙorafi, ai kuɗi na biya. Bai tanka ba, sai ya nuna mini ƙasa da baki. Taku uku na yi ƙafata ta zame, na zauna daɓas a laka, jakata ta yi gefe guda. Shi kuwa ya sauko da babur a hankali, ƙafafunsa biyu suna jan ƙasa, ya jira ni a gindin gangaren yana kankare lakar da ta cushe tsakanin taya da madigadi da tsinke. Da na dage ya sauko da ni a goye, da ban san inda za mu tsaya ba, don a hannun hagu kwazazzabo ne. Tun daga ranar, in ɗan gari ya ce a sauka, sauka nake yi.

Nemi irin wannan mutumin. Ka tambayi mai masaukinka, ko shugabannin 'yan acaba a tasha, wa ya saba bin hanyar da kake so. Ka duba babur da idonka: tayar da ta suɗe, kacar da ta saki, fitilar da ba ta kamawa, duk ba sai bakanike ya gaya maka ba. Goyon biyu kuwa kada ma a fara, ko da ku abokai ne masu lissafin kuɗi.

Sai hular kwano. Mun san tarihinmu da ita. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta sa ta a farkon 2009, har ƙwarya wasu suka kifa a ka don su wuce jami'ai, aka yi ta dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa hular yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa a karo fiye da ninki shida. Kada ka sa rai ɗan acaba zai ba ka, ka sayo taka tun daga gida, ka kuma ɗaure igiyar a haɓa. Ka tuna rauni mai tsanani a kai sai an dangana da babban asibiti, ga shi daga Gembu zuwa Jalingo tafiya ce ta sa'o'i masu yawa, ban da wahalar fito da mutum daga ƙauye zuwa bakin titi. 'Yan'uwa mata, a tattare hijabi da mayafi da bakin zane a danne, don taya ba ta da wuyar fizgar su. Maza a bar babbar riga a jaka. Silifas ma ba na wannan hanya ba ne, salansa na ƙona ƙafa. Jakar goyo mai nauyi a ɗaure ta a kariya ko a bar ta a masauki, domin a hawa baya take jan mutum.

Mutumin Sakkwato ko Maiduguri yakan raina sanyin wurin. Duk hawan mita dubu, zafi na raguwa da wajen digiri shida, ga iskar babur, in kuma ruwa ya jiƙa ka sai haƙora su fara kaɗawa da tsakar rana. Rigar sanyi da ta ruwa dole ne. Akwai kuma abin da masu hoto ba sa faɗa: koren nan da ya ruɗe ka na damina ne, lokacin da hanya ta fi muni, hazo ya rufe gaba, rafuka su cika su shanye mashigi. Daminar can doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba. A ganina Nuwamba ta fi, ƙasa ta fara bushewa, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba. Kowane wata ka je, a fita da sassafe, a dawo kafin la'asar sakaliya.

Chappal Waddi yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti ne, wanda aka kafa a 1991, kuma ba a shigarsa gaba-gaɗi. Ana neman izini a ofishinsu na Serti, su haɗa ka da ma'aikacinsu. Dutsen a kan iyakar Kamaru yake, iyakar kuma ba katanga gare ta ba, mutum na iya tsallakawa bai sani ba, alhali yankin Arewa maso Yammacin Kamaru da ke maƙwabtaka da Sardauna yana fama da rikici tun wajen 2017. Ka riƙe katin shaidarka a jiki. In kun shiga ƙauye, a fara gaida Jauro, wato mai garin. Kada ka tsallaka wayar shingen makiyaya don neman wurin hoto, maganar fili a Mambila ba ta wasa ba ce, an zubar da jini a kanta. Kada kuma ka ɗauki matar mutum ko shanunsa hoto ba da izini ba.

Waya ba ta kamawa a wurare da yawa, don haka ka riƙe tsabar kuɗi, kada ka dogara da tiransifa. Kafin babur ya tashi, ka tura wa wani na gida sunan ɗan acaban, da lambar wayarsa, da lambar babur, da ƙauyen da kuka nufa, da lokacin da ya kamata a ji muryarka. Ka bar wa mai masaukinka irin wannan bayanin a rubuce.