Shin Ko Kun San? Daga Ɗan Wabi Zuwa Dalai Lama

Shin ko kun san wasu sunayen da muke kira kullum, tsoron mutuwa ne ya raɗa su? Ku zaga Minjibir, ku leƙa Kunya, ku bi ƙauyukan bakin dam ɗin Wasai, ku tambayi tsofaffi. Abarshi. Abarta. Ajefas. Ayashe. Ajuji. Duk sunayen 'ya'yan wabi ne! Mace ta haihu, jariri ya koma. Ta sake haihuwa, ya sake komawa. Sai mutanen da su ce ai ɗa guda ne yake zuwa yana tafiya. In an sami na gaba, a nuna ba a damu da shi ba, har a kai shi juji a ajiye sannan a ɗauko, ko mutuwa ta kau da kai.

Ba mu kaɗai ba ne fa! Yarbawa na ce wa irin wannan yaro abiku, Ibo kuma ogbanje. A can har alama ake yi wa gawar, a yanki kunne ko ɗan yatsa, don a gane shi in ya dawo.

Mu dai Musulunci ya yanke mana magana: mutuwa ɗaya ce, sai barzahu, sai tashin alƙiyama. Amma kun san akwai addinin da dawowa duniya ita ce ginshiƙinsa? Addinin Buda ke nan, mai ɗaruruwan miliyoyin mabiya a nahiyar Asiya. An haifi Buda a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce.

Ga abin mamaki: su dawowar ba abin murna ba ce a wurinsu. Wahala ce! Duk fafutukar mabiyi ita ce ya kuɓuta daga wannan zagaye, kada a sake haihuwarsa.

Wani abin ya fi wannan ɗaure kai. Buda ya koyar da cewa babu wani rai tabbatacce a cikin mutum. To, wa ke dawowa? Da wani sarki mai suna Milinda ya yi wannan tambaya, malami Nagasena ya ba shi misali da fitila: ka kunna wata daga wata, wuta ta kama, amma babu abin da ya tashi daga nan ya koma can.

Gidajen da ake iya faɗawa kuwa shida ne: na alloli, na abokan gabarsu, na mutane, na dabbobi, na fatalwa masu yunwa, da na azaba. Aikin mutum ne ke zaɓa masa. Samun haihuwa a mutum fa? Littattafansu sun ce a ƙaddara makahon kunkuru a teku, mai leƙowa sau ɗaya duk shekara 100, ya dace kansa ya shige ramin wani katako da ke yawo a kan ruwa. Shekara ɗari, jama'a!

Labaran rayuwar Buda na baya kawai, waɗanda ake kira Jataka, 547 ne. A wani biri ne, a wani barewa, a wani sarki.

Kada ku ɗauka neman hujja ya fara ne a zamanin boko. A cikin littattafan Buda kansu akwai wani basarake, Payasi, da ya ce sam bai yarda da wata rayuwa bayan mutuwa ba. Ya roƙi 'yan uwansa da ke bakin mutuwa su dawo su ba shi labari. Babu wanda ya dawo. Ya sa aka jefa ɓarawo cikin ƙaton tulu, aka liƙe bakin da ɗanyar fata da yumɓu, aka ɗora a wuta, sannan aka buɗe a hankali ana dakon fitar rai. Ba a ga komai ba. Ya sa aka auna wani kafin mutuwa da bayanta. Rashin imani ne mai ta da hankali, amma ku dubi tsufan tambayar!

A Tibet kuwa, neman wanda ya dawo aikin hukuma ne. Dalai Lama na 13, jagoran addinin Buda a can, ya rasu a 1933. Aka haifi wani yaro a ƙauyen Taktser a 1935. Yana ɗan shekara biyu masu nema suka zube masa kaya a gaba, carbi da sanda da ƙaramar ganga, na marigayin haɗe da na bogi. Suka ce ya zaɓi na ainihin. Shi ne Dalai Lama na yanzu!

Kun san har doka aka yi a kan wannan? A 1793 sarkin Sin ya kawo tulun zinariya, a zuba sunayen yara a ciki a zaro ɗaya. A 2007 kuma gwamnatin Sin ta ce babu babban malamin da za a ce ya dawo sai da izininta.

Sai wani likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Bajiniya ta Amurka, Ian Stevenson. Shekara kusan 40 ya yi yana bin yara masu cewa suna tuna wata rayuwa, daga Indiya zuwa Siri Lanka zuwa Labanan. Shi da abokan aikinsa sun tara labarai sama da 2,500. Yaran kan fara zancen suna shekara biyu zuwa huɗu, su bar shi wajen shekara bakwai. Littafinsa na 1997 a kan tabon haihuwa shafi 2,268 ne! Kuɗin aikin kuwa? Chester Carlson, wanda ya ƙirƙiro fasahar injin Xerox, shi ya bar wasiyyar dala miliyan ɗaya.

Amma tsaya tukuna. Wani mataimakinsa, Champe Ransom, ya bi labarai kimanin 1,111. Guda 11 kacal ya samu waɗanda iyalan biyu, na yaron da na mamacin, ba su riga sun haɗu ba kafin mai bincike ya iso. Sha ɗaya! Ga tafinta a tsakani, ga shekaru sun shuɗe, ga iyaye da suka riga suka yarda. Shi ya sa yawancin masana kimiyya ba su karɓi aikin a matsayin hujja ba. Stevenson kansa bai taɓa cewa ya tabbatar ba.

Har ƙwado ya kulle da lambobin sirri, ya ce in da hali zai aiko da su bayan ya mutu. Ya rasu a 2007. Aka shekara, aka shekara, ƙwado na rufe.

Kun san ya zo Nijeriya ma? Ya bi labaran Ibo a shekarun 1980. Amma gwajin da ya fi girgiza ni wata masaniya ce ta yi shi, Esther Nzewi, aka buga a 2001. Yara 100 da ake ce wa ogbanje aka auna jininsu. Saba'in daga ciki sikila ce da su. Saba'in!

Ku duba yadda abin ya zauna daram. Uba AS, uwa AS: kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Jariri ya zo lafiya lau, sai wajen wata shida hannu da ƙafa su kumbura, ga kuka, ga zazzaɓi, ga ido ya yi rawaya. Ƙaninsa ya zo, alamu iri ɗaya, a shekaru iri ɗaya. Wace uwa ce ba za ta ce shi ne ya dawo ba? Ba duk wabi ne sikila ba, zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da gudawa sun ɗebi nasu. Amma rabonta babba ne.

Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Nijeriya huɗu yana ɗauke da AS, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin jini kafin ɗaurin aure a jihar Kano, har da na rukunin AA da AS da SS. Ɗan jini kaɗan ake ɗiba. Ku faɗa wa na kusa da ku tun kafin a kai kuɗin gaisuwa!