Daga Jega zuwa Jidda: Abin da ya kamata ka sani kafin ka sayo gilashin kyamara na makro a ƙasar waje

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Yawuri a lokacin noman rani, ya ratsa Aliero da Jega ya gangara Maiyama, ya san albasa ce sarauniyar yankin. Fadamu sun yi kore shar, injinan ban-ruwa na ta ƙugi, manyan motoci na jiran lodi zuwa Kudu.

Sai dai babban abokin gabar wannan dukiya ba ya ganuwa daga bakin titi. Ko manomin da ke tsaye cikin gonarsa, sau da yawa ɓarnar yake gani, bai ga mai ɓarnar ba.

Ƙwaron da masana ke kira thrips, wanda ke tsotse ruwan lawashi har ya yi tabon fari-fari, tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma yana ɓuya ne a matse-matsin wuyan albasa. Ƙwan tsutsar nan ta tumatir, Tuta absoluta, wadda manoma suka raɗa wa suna Sharon, wadda kuma ta cinye gonaki a Kano da Kaduna a 2016, bai kai rabin milimita ba.

Wannan ne ya sa wani matashi da na sani a Jega, mai ɗaukar hoton biki da suna, ya fara mafarkin mallakar gilashin makro. Manoma 'yan uwansa na kiran sa ya ɗauki hoton ganye a tura wa malamin gona ta WhatsApp, amma amsar kullum ɗaya ce: hoton bai fito ba, a sake.

Da kawunsa ya tashi tafiya Umara, sai ya tattara kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya damƙa masa, ya ce, "Kawu, don Allah ka sayo mini na makro, mai hana girgiza." Kawu ya cika alƙawari, ya sayo sabo fil a wani shago a Jidda. Da aka buɗe kwali a Jega, gilashi ya ƙi shiga bakin kyamara. Na sabon samfuri ne, kyamarar yaron kuwa tsohon samfuri ce. Shagon na nesa da dubban kilomita, rasit kuma ya ɓace cikin kayan tsaraba. Ƙarshe dai da asara ya sayar da shi a Kano.

Babu wanda ya cuci kowa a cinikin nan. Rashin sani ne kawai, kuma irinsa na iya samun duk wanda ya yi saƙo ko ya yi sayayya a gurguje a ƙasar da ba tasa ba.

Mene ne gilashin makro?

Gilashin kyamara, wanda masu hoto ke kira lens, iri-iri ne. Na makro shi ne wanda aka ƙera domin ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa sosai.

Alamar na ainihi ita ce lambar 1:1. Ma'anarta, girman abu a zahiri shi ne girmansa a kan sensar kyamara. Babbar sensa faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Saboda haka abin da bai wuce girman kan sarki na wasiƙa ba zai cika hoton gaba ɗaya, ƙwaron milimita ɗaya kuma zai fito har a ga ƙafafunsa idan an buɗa hoton a waya.

A nan tarko na farko yake. Akwai gilasai masu araha da aka rubuta wa kalmar makro a jiki, amma iyakarsu 1:3 ko 1:4. Suna da amfaninsu, sai dai ba su ne ake nufi ba. Ka nemi lambar, kada ka tsaya ga kalmar. Ka kuma sani cewa kamfanin Nikon ba ya rubuta Macro a nasa na dā, Micro yake rubutawa.

Me hana girgiza ke yi, me kuma ba ya iyawa?

Idan ka kusanci abu sosai, 'yar rawar hannu ma sai ta zama girgizar ƙasa a cikin hoto. Shi ya sa aka sa wata na'ura cikin wasu gilasai wadda ke motsa wani ɓangare nasu domin ta rama rawar hannun.

Kowane kamfani da sunan da ya ba ta. Canon na rubuta IS, Nikon na rubuta VR, Sony OSS, Sigma OS, Tamron kuma VC. Idan gilashin na ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ne kuma ba ka ga haruffansa ba, to ba shi da ita.

Nikon ne ya fara sa ta a gilashin makro a 2006, a samfurinsa mai milimita 105. A 2009 Canon ya fito da mai milimita 100 wanda ke gyara rawa iri biyu, ta karkata da ta gocewa gefe. Sony ya kawo mai milimita 90 a 2015. A 2021 kamfanonin Canon da Nikon suka fitar da sababbi domin kyamarori marasa madubi, na Canon ma ya zarce 1:1 ya kai 1.4.

Amma akwai gaskiyar da mai shago ba lallai ya faɗa maka ba. Ƙarfin na'urar na raguwa yayin da kake matsawa kusa. Canon da kansa ya bayyana cewa a samfurin 2009, taimakon da take bayarwa a 1:1 rabin wanda take bayarwa ne a hoto na nesa.

Sannan rawar hannunka kaɗai take gyarawa. Ba ta tsayar da iskar hunturu da ke kaɗa lawashi, ba ta hana ƙwaro tafiya. A gonar Aliero da hantsi, iska ce matsalarka ta farko, ba hannu ba. Maganinta shi ne fita da sassafe kafin iska ta taso, ko amfani da filash, ko a tsinko ganyen a ɗora shi a kan farar takarda cikin inuwa.

Haka nan a 1:1 wurin da ke fitowa tangaran siriri ne ƙwarai, milimita ɗaya ko biyu. Ka ɗan sunkuya gaba ko baya, shi ke nan ya dushe. Wanda zai riƙa aiki da mariƙin kyamara mai ƙafa uku na iya sayen gilashi marar wannan na'ura ya adana kuɗi masu yawa. Haka ma wanda kyamararsa ke da nata hana girgiza a jiki.

Baki ya dace da baki

Kuskuren da ya ci kuɗin matashin Jega shi ne mafi sauƙin kaucewa. Kowace kyamara da irin bakin da take karɓa, kuma sunan kamfani kaɗai bai isa ba.

Canon na da tsohon baki EF da sabo RF. Nikon na da tsoho F da sabo Z. Sony marasa madubi na amfani da E. Ƙa'idar ita ce, tsohon gilashi na hawa sabuwar kyamara idan an sa adafta, amma sabon gilashi ba ya hawa tsohuwar kyamara ko da me za a yi. Galibin kyamarorin da ake aikin biki da su a garuruwanmu tsofaffin ne masu madubi, shagunan waje kuwa sababbin suka fi bajewa a gaba.

Idan saƙo za ka yi, kada ka faɗa da baki. Rubuta cikakken sunan gilashin harafi da harafi, ka tura hotonsa da hoton kyamararka, ka kuma roƙi a kira ka ta bidiyo daga cikin shagon kafin a biya.

Shin da gaske ya fi araha a waje?

Wannan ba kayan tsaraba ba ne. Lokacin da aka fito da su a 2021, na Nikon ya kai kusan dala 1,000 a Amurka, na Canon kuma dala 1,399. Tun bayan da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, irin wannan kuɗi ya haura Naira miliyan ɗaya. Kuɗin buhunan albasa ne masu yawa.

Kafin ka ce ka samu araha, haɗa lissafin duka. A Saudiyya harajin kayan masarufi na VAT kashi 15 ne cikin 100 tun watan Yulin 2020. A Hadaddiyar Daular Larabawa kashi 5 ne, kuma baƙo na iya neman a mayar masa da mafi yawansa idan sayayyar ta kai dirhami 250 a shagon da ke cikin tsarin, muddin ya nuna fasfo a shago kuma ya tabbatar da takardar a filin jirgi kafin ya tashi. A Birtaniya kuwa an soke mayar wa masu ziyara wannan haraji tun Janairun 2021.

Ka ƙara da ribar ɗan canji, da abin da banki ke cirewa idan da kati ka biya. Sannan ga kwastam a gida: tun watan Satumbar 2025 kayan da ba su wuce dala 300 ba ne aka yafe wa haraji, gilashin makro sabo kuwa ya zarce haka nesa. Ka ajiye rasit, domin shi ne hujjarka a gaban jami'i.

Bayan duk wannan, ka tambayi farashi a Kano ko Abuja ko Legas. Idan bambancin kaɗan ne, saye a gida ya fi, don ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa idan matsala ta taso.

Garanti ba ya bin ka ko'ina

Sau da yawa takardar garanti tana aiki ne a ƙasa ko yankin da aka sayi kaya kawai. Wasu shagunan kuma na sayar da kaya na ainihi amma da aka shigo da su ta bayan wakilin kamfani, garantinsu na shagon ne, ba na kamfani ba. Garantin shagon da ke Deira ba zai amfani mutumin Maiyama da komai ba.

Wannan ya fi muhimmanci ga gilashi mai hana girgiza, saboda yana da sassa masu motsi da lantarki a ciki. Ƙurar hunturu da zafin bazarar Kebbi, wanda ke haura digiri 40, da jijjigar babur a hanyar gona, duk ba abokansa ba ne. Ka tambaya ƙarara: wace ƙasa takardar ta ambata, kuma a ina ake gyara?

Minti goma a cikin shago

Idan da kanka ka je, ka tafi da kyamararka. Ɗaura gilashin, ka ɗauki hoton rubutun jikin takardar kuɗi daga kusa, ka buɗa hoton ka duba ko'ina. Kunna hana girgiza ka kashe, ka ga ko hoto na natsuwa a ido.

Duba ko lambar jikin gilashi ta yi daidai da ta kwali da ta takardar garanti, ka kuma sa a rubuta ta a rasit. Idan na hannu ne, haska fitilar waya ta cikinsa. 'Yar ƙura ba komai ba ce, amma zare-zare kamar saƙar gizo-gizo fumfuna ce, ka ajiye musu kayansu.

Kada ka bari sai ranar tashi. Saya da sauran kwanaki a gaba, don ka gwada ka koma idan da matsala. Kuma a jakar hannu ake ɗauko shi, ba a cusa shi cikin babbar jaka tare da dabino da jallabiya ba.

Ko ma kana buƙatarsa?

Ga mai sana'ar hoto, gilashin makro mai milimita 90 zuwa 105 na iya mayar da kuɗinsa. Yana fitar da hoton fuska da kyau, ga zanen lallen amarya, ga zobe da sarƙa, ga aikin allurar hula da na babbar riga. Ga ɗalibi ko malami a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, kayan bincike ne sosai.

Amma ga manomin da burinsa kawai malamin gona ya gane abin da ke cin albasarsa, akwai hanyoyi masu sauƙi. Wayoyi da yawa yanzu na da tsarin makro. Akwai ɗan gilashin da ake maƙala wa waya. Akwai zobba marasa gilashi da ake sawa tsakanin kyamara da gilashin da kake da shi, su ba ka damar matsawa kusa. Ko madubin hannu mai ƙara girma sau 10 ya isa a ga thrips.

Matashin Jega ma a nan ya ƙare. Da abin da ya rage masa ya sayi gilashi na hannu marar hana girgiza, wanda ya dace da bakin kyamararsa, ya haɗa da ƙaramin filash. Yanzu bayan sallar Asuba yake hawa babur zuwa fadama, kafin iska ta farka. Malamin gona ya daina cewa a sake.