Kuɗin Makarantun Haziƙai da Yaron Fadamar Baturiya

A Baturiya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, Satumba wata ne na ƙarancin kuɗi. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana yana gona bai nuna ba, kogin Haɗejiya kuma ya cika ya batse, wata shekarar har ya haura gonakin shinkafa ya shiga gidaje. A wannan watan ne makarantun kwana ke buɗe sabuwar shekarar karatu, a cikinsa ne kuma ake miƙa wa uban da ɗansa ya ci jarrabawar shiga takardar abin da zai biya da abin da zai saya. Wanda ya tsara lokacin komawa makaranta yana lissafi ne da albashin ƙarshen wata. Manomin fadama da masunci kuwa da kaka suke lissafi, da lokacin da ruwa zai janye kifi ya samu. Duk mai son auna maganar sanya kuɗi a makarantun kwana na gwamnati da aka keɓe wa yara masu hazaƙa, daga nan ya kamata ya fara.

Irin waɗannan makarantu suna da dogon tarihi a wannan yanki. A 1977, lokacin da Jigawa ke cikin tsohuwar jihar Kano, aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Dabarar mai sauƙi ce: a tace yara ta hanyar jarrabawa, a kwashe waɗanda suka yi zarra, a ajiye su wuri guda da ƙwararrun malamai da ɗakunan gwaje-gwaje, gwamnati ta ɗauki nauyin ci da kwana. Daga baya aka ƙara wasu, har da ta Kafin Hausa a ƙasar Haɗejiya da ta 'yan mata a Taura, waɗanda Jigawa ta gada da aka ƙirƙire ta a 1991. Likitoci da injiniyoyi da yawa da ake taƙama da su yau a Kano da Jigawa ta wannan ƙofa suka fito, kuma da dama daga cikinsu 'ya'yan manoma ne da iyayensu ba su taɓa zama a aji ba. Gwamnatin tarayya ta bi irin wannan hanya da ta buɗe makarantar haziƙai ta Suleja a 1990, bisa tsarin cewa yaron da ya ci jarrabawarta gwamnati ce za ta riƙe shi. Ita ma Jigawa ta gina tata a Bamaina, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, a zamanin Gwamna Sule Lamido. Duk an gina su ne kan alkawari ɗaya: ƙwaƙwalwar yaro ce tikitinsa.

Abin da ya faru a 2023 ya nuna inda iska ke kaɗawa. A shekarar ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ɗaga kuɗin da sabon ɗalibi zai biya a kwalejojin haɗin kai na tarayya daga naira 45,000 zuwa naira 100,000, kuɗin da ya ƙunshi na kwana da tufafin makaranta da littattafai da inshora da sauransu. Waɗannan kwalejoji, irin su ta Kiyawa da ta 'yan mata a Kazaure, su ma da jarrabawar hukumar NECO ake shigarsu, don haka su ne matattarar yaran da suka fi ƙoƙari a firamare. A lokacin, mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Wato ƙaramin ma'aikaci sai ya haɗa albashin wata uku cur, bai ci ba bai sha ba, kuma duk da haka bai cike kuɗin ba. To ina ga wanda ba shi da albashin ma? Majalisar Wakilai ta nemi a janye ƙarin, iyaye sun koka, amma maganar cewa makarantar kwana ta gwamnati sai da kuɗi mai kauri ta riga ta samu gindin zama.

Adalci ne a saurari hujjar masu goyon bayan biyan kuɗi, domin ba da wasa suke magana ba. Makarantar kwana tana da cin kuɗi. Yaro zai ci abinci sau uku a rana, yana buƙatar ruwa da wuta da magani da gado, ga sinadaran ɗakin gwaji, ga albashin malaman lissafi da kimiyya waɗanda makarantu masu zaman kansu ke zawarcinsu kullum. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira sun ninka farashin kusan komai, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Kasafin da ya ciyar da ɗalibai a da, yanzu ba ya kai su ƙarshen zango. Shugaban makarantar da ɗan kwangilar abinci ya daina kawo masa kaya saboda bashi, dole idonsa ya koma kan iyaye.

Doka ma ta bar ƙofa a buɗe. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara tara ne kawai, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Babbar sakandare ba ta ciki, sashe na 18 na tsarin mulki kuma ya rataya bayar da ita kyauta ne ga lokacin da hali ya samu. Sannan akwai hujjar da ta fi kowacce nauyi a wurina. Ana kashe wa ɗalibi guda a makarantar haziƙai abin da zai isa yara da yawa a makarantar je-ka-ka-dawo, alhali a ƙauyukan fadama akwai firamaren da yara ke zaune a ƙasa, malami ɗaya na riƙe da aji biyu. In kuma aka tarar cewa wani kaso na ɗaliban 'ya'yan manyan ma'aikata ne da 'yan kasuwa, tambaya ta halatta: don me talaka zai ciyar da ɗan mai hali?

Sai dai a duba abin da kuɗin ke haifarwa idan ya sauka a wuri irin Baturiya. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sanya kashi 87 cikin ɗari na mutanen Jigawa a ƙarƙashin layin talauci, jihar na biye da Sakkwato da Taraba kaɗai. A fadamar Haɗejiya talaucin yana da nasa kamanni. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu wawure hatsi. Ambaliyar 2022 ta shafe gonaki da gidaje a Kirikasamma da Guri da Auyo da Kafin Hausa da Haɗejiya kanta. Dausayin Baturiya ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008 saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, amma wannan suna bai zama kuɗi a aljihun mazauna wurin ba. Magidanci a nan dukiyarsa buhun shinkafa ce da akuya da koma da kwale-kwale. In aka ce ya kawo dubu ɗari a Satumba, abin da zai sayar shi ne abin da yake neman abinci da shi.

Kuma kuɗin da ke rubuce a takarda somin-taɓi ne. Akwai katifa da bokiti da akwati da gidan sauro, akwai garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari na guzuri, akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kuɗin mota zuwa da dawowa sau uku a shekara. Daga Kirikasamma zuwa Birnin Kudu tafiya ce daga wannan gefen jihar zuwa wancan, balle Suleja. Tun kafin wannan ma, sai an biya kuɗin rajistar jarrabawa ta intanet, an kai yaro cibiyar da za a rubuta ta. Saboda haka ko makarantar da ake kira ta kyauta tana da shingen da ɗan masunci ke tsallakewa da ƙyar. In aka ɗora kuɗin makaranta a kan wannan, shingen ya zama katanga.

Abin da ke biyo baya a hankali yake zuwa, shi ya sa ba a cika lura da shi ba. Gurbin yaron da bai zo ba ba ya zama fanko. Na bayansa a jerin sunaye, wanda ubansa ke da hali, shi zai hau. Shekara ta gaba malamin firamaren ƙauyen ba zai wahalar da kansa wajen shirya yara ba, tunda ya ga wanda ya ci bara yana bakin kogi yana gyaran koma. Bayan 'yan shekaru sai a waiwaya a ga makarantar cike da 'ya'yan Dutse da Haɗejiya da Kano, sakamakon jarrabawa yana kyau, kowa na yabo, ba wanda ya ƙirga waɗanda ba su zo ba. Daga nan hujjar cewa masu hali ne ke cin moriyar makarantar sai ta tabbata, a sake samun dalilin ƙara kuɗi. 'Yan mata su ne farkon faɗuwa. Uban da kuɗinsa na yaro ɗaya ne, ga namiji ga mace, mun san wanda zai tura. Yankin da asibitocinsa ke neman likitoci mata da ungozomomi ido rufe, shi ne ke asarar yarinyar da za ta zama ɗaya daga cikinsu.

Wasu ƙasashe sun fuskanci wannan matsala, kuma akwai abin dubawa a yadda suka yi. Indiya ta fara makarantun kwana na Navodaya a 1986 domin haziƙan yaran karkara, ta ware musu aƙalla kashi 75 cikin ɗari na gurabe. Da nauyi ya yi yawa ta sanya kuɗi na wata-wata, rupee 200 da farko, daga baya 600, amma a manyan azuzuwa kawai, kuma ta cire dukkan 'yan mata da 'ya'yan matalauta da na al'ummomin da aka daɗe ana dannewa, ta ɗora wa 'ya'yan ma'aikatan gwamnati kaso mafi tsoka. Ghana ta bi ɗaya hanyar a 2017, ta soke kuɗin babbar sakandare gaba ɗaya har da na kwana. Yara suka yi tururuwa har sai da aka raba su rukuni biyu suna karɓa-karɓa a 2018, kukan ƙarancin abinci a makarantu kuma bai yanke ba. Kyauta ga kowa ba tare da kuɗi a ƙasa ba tana da nata ciwon.

Da na auna duka, ga inda na tsaya. Kuɗi iri ɗaya a kan kowane ɗalibi shi ne mafi munin zaɓi, domin ga babban ma'aikaci kuɗin cefane ne, ga manomin fadama kuwa jarinsa ne ɗungurungum. In har baitulmali ba zai iya ɗaukar nauyin duka ba, mai albashi mai kauri da babban ɗan kasuwa su biya, su biya da kyau. Gano wanda ba shi da hali ba abu ne mai wuya ba a ƙasar da mai unguwa da dagaci suka san gonar kowa da abin da ruwa ya ci masa. Hakiman masarautar Haɗejiya da shugabannin firamare za su iya tantancewa, a kafe sunayen a fili don kada a mayar da abin na 'yan gata. A ware wa kowace ƙaramar hukuma gurabenta, a kai jarrabawar shiga har Kirikasamma da Guri da Birniwa ba tare da kuɗin rajista ba. Wanda zai biya wani abu daga cikin manoma, a jinkirta masa zuwa bayan kaka. Tsofaffin ɗaliban makarantun kimiyya kuma, waɗanda aka ciyar da su kyauta suka zama abin da suka zama, akwai bashi a wuyansu na katifa da kuɗin motar waɗanda ke biye da su.

Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ya san yadda Satumba take a ƙasar Haɗejiya. Kirana gare shi da majalisar dokokin jihar shi ne su rubuta a doka cewa duk yaron da ya ci jarrabawar shiga makarantar haziƙai ko ta kimiyya a Jigawa, ba za a mayar da shi gida saboda kuɗi ba, a kuma ware kuɗin abincin waɗannan makarantu a kasafi, a riƙa sakinsa kafin zango ya fara.